Babi na Bakwai: Bikin Maɗin Mefil a Gonakin Kanada

Da gaske ne akwai ƙasar da ake huda bishiya a ɗebi sukari? Tambayar da kan biyo baya ke nan idan aka gaya wa mutum cewa jan ganyen nan da ke tsakiyar tutar Kanada ganyen wata bishiya ce mai suna mefil, kuma daga jikinta ake samun maɗin da mutanen can ke kwararawa a kan fankensu na karin kumallo. Amsar ita ce e, da gaske ne, amma da sauran magana. Abin da ke ɗigowa daga jikin bishiyar ruwa ne garai-garai, wanda sai mai shan sa ya natsu kafin ya ji ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe. Tsakanin wannan ruwa da maɗin da ke cikin kwalba akwai wuta, akwai itace, akwai kwanan zaune. Kuma duk harkar ba ta wuce mako huɗu zuwa shida a shekara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Afrilu. Cikin waɗannan 'yan makonni ne manoma ke buɗe ƙofofin gonakinsu ga baƙi, a yi biki.

Hanyar shiga daji

Wanda ya je gonar mefil a lardin Ontariyo ko na Kebek ranar Asabar a watan Maris, abin da zai fara tarar da shi taɓo ne. Dusar ƙanƙarar da ta kwanta tun Disamba ta soma narkewa, ƙasa ta yi caɓa-caɓa, shi ya sa kowa ke sanye da dogon takalmin roba. A jihar Vermont ta Amurka, wadda ke maƙwabtaka da Kebek, lokacin taɓo ma suke kiran wannan tsakanin. Daga wurin ajiye motoci sai a ɗora baƙi a kan doguwar amalanke da aka shimfiɗa wa ciyawa, wani wurin tarakta ce ke ja, wani wurin manyan dawaki biyu masu ƙararrawa a wuya.

Dajin kansa ba shi da wani kyan gani a wannan lokaci. Bishiyoyi ne dogaye masu toka-tokan ɓawo, babu ganye ko ɗaya. Jan ganyen da ke tuta sai a watan Oktoba ake ganin irinsa. Abin da ke jan ido shi ne bokitan ƙarfe da aka rataya a jikin bishiyoyin bakin hanya, kowanne da murfinsa don kada ruwan sama ko ɓawo ya faɗa. Idan aka ɗaga murfin za a ga ɗan bututu da aka kafa a ramin da aka huda, ramin da faɗinsa bai wuce milimita 8 ba, zurfinsa kuma kamar santimita 5. Daga bakin bututun ruwan ke ɗiga, ɗis, ɗis. Ranar da ruwa ke gudu sosai, kuma bokitan ba su riga sun cika ba, ana jin ƙarar ɗigon a kan ƙarfe daga ko'ina cikin dajin. Yara kan tara yatsa su lasa, sannan su ɗago su dubi iyayensu da alamar an yaudare su.

Ba kowace bishiya ake hudawa ba. Sai ta kai shekara 30 zuwa 40, kaurin gindinta ya kai wajen santimita 25. Wanda ya shuka mefil yau, galibi 'ya'yansa ya shuka wa. Kowace shekara sabon rami ake hudawa nesa kaɗan da na bara, tsohon kuma ya rufe da kansa. Bishiyar da aka bi a hankali tana iya ba da ruwa fiye da shekara 100.

Me ke tura ruwan waje?

A nan sirrin yake, kuma shi ya sa ba ko'ina ake wannan sana'a ba. A watannin ɗumi, lokacin da ganye ke kore shar, bishiyar tana haɗa abincinta da hasken rana, ta adana rarar a matsayin sitaci cikin saiwa da gangar jiki. Idan hunturu ya zo ƙarshe sai sitacin ya juye sukari, ya narke cikin ruwan jikinta, tanadin da za ta yi amfani da shi wajen fitar da sabon toho.

Samun sukari a ciki bai isa ba, sai an sami abin da zai tunkuɗo shi. A yawancin itatuwa, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da hanyoyin ruwa cike suke da ruwa. A mefil iska ce a cikinsu. Idan dare ya yi, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, iskar nan sai ta takure, ƙanƙara ta soma taruwa a bangon ƙwayoyin, wannan kuma ya sa bishiyar ta zuƙo ruwa daga ƙasa ta saiwa zuwa rassa. Gari na wayewa, rana ta ɗan yi ɗumi, ƙanƙarar ta narke, iskar ta buɗe, sai ruwan ya matsu yana neman mafita. Duk inda ya sami rami, nan zai bi.

Saboda haka manomi yana fatan dare mai digiri 5 ƙasa da sifili, da yini mai digiri 5 sama da sifili, su yi ta musanya. Idan sanyi ya zarce dare da rana, ko ɗigo ba za a gani ba. Idan ɗumi ya zarce, shi ma ruwan ya tsaya. Wannan musanyar ta sanyi da ɗumi, haɗe da dazuzzukan mefil mai zaƙi, a arewa maso gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ake samun su tare. Lardin Kebek kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin mefil na duniya, Vermont kuma ita ke kan gaba a Amurka da kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa.

Masu shirya biki tun watanni da suka wuce suke sa rana, bishiya kuwa ba ruwanta da kalanda. Yakan faru baƙi su cika gona a tarar bokiti a daskare, mai gona ya dafa ruwan da ya adana tun shekaranjiya don dai a ga tururi.

Bukkar da ke tururi

Daga nesa sai a ɗauka gobara ce. Gini ne na katako, an buɗe wata taga a tsakiyar rufinsa, farin tururi na ta tuɗaɗowa sama. A Kebek, inda Faransanci ake yi, sunansa cabane à sucre, wato bukkar sukari. Mai gilashin ido yana sa ƙafa ciki zai daina gani, sai ya cire ya goge. Ƙamshin wurin gauraye yake, hayaƙin itace da zaƙin da ke dahuwa.

A tsakiyar ɗakin akwai dogon murhu, a kansa tafka-tafkan kwanonin ƙarfe masu faɗi marasa zurfi, an raba cikinsu da 'yan katangu. Ɗanyen ruwa yana shigowa ta gefe guda fari tas, ya bi lungu-lungu yana tafasa yana ƙonewa, kafin ya isa ɗaya gefen ya yi kauri ya koma ruwan zinariya. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu dafa mazarƙwaila a yankin Maƙarfi ya riga ya san aikin: a sa ruwa mai zaƙi a wuta, a kori ruwan, a bar zaƙin. Bambancin shi ne ruwan rake tun daga matsa zaƙinsa ya ninka na mefil sau da yawa, don haka mai mefil ya fi shan wahalar wuta nesa ba kusa ba.

Ga lissafin. Sukarin da ke cikin ɗanyen ruwan kamar kashi 2 ne cikin 100, wani lokaci 3. Doka kuma ba ta yarda a kira abu maɗin mefil ba sai sukarinsa ya kai kashi 66. Wani masani a Jami'ar Vermont, C. H. Jones, ya bar wa manoma wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan. In kashi 2 ne, ana buƙatar lita 43 kafin a sami lita 1 ta maɗi. In aka yi dace da bishiya mai kashi 3, lita 29 ta isa. Shi ya sa ake cewa a taƙaice lita 40 ke ba da lita 1. Jarka biyu ke nan masu cin lita 20, a dafa su har su koma abin da bai cika babbar gorar ruwa ba. Kuma abin da rami guda ke bayarwa a kakar gaba ɗaya bai wuce hakan da yawa ba. Duk mai ƙorafin tsadar maɗin mefil, a bar shi ya yi yini ɗaya yana tura itace a wannan murhu.

Mai dahuwa ba ya barin bakin wuta. Idonsa na kan ma'aunin zafi, domin maɗi ya nuna ne idan ya kai digiri 4 sama da inda ruwa ke tafasa, wato wajen 104. In aka sauke da wuri, zai yi tsami ko ya yi fumfuna a ajiye. In aka wuce, sukari zai daskare a gindin kwalba, in kuma aka yi sakaci kwanon ya bushe, an ƙone kaya mai tsadar gaske. Tsofaffin hannu kan tsoma ludayi su ɗaga su karkata: in maɗin ya zubo ɗigo-ɗigo, da saura, in ya sauko a shimfiɗe daga bakin ludayin, ya yi. Kumfa kuwa in ta taso za ta yi ambaliya, ɗigon mai guda ke kwantar da ita. A da, guntun kitsen alade ake ratayawa a saman tukunya, kumfa na taɓa shi ta lafa. Yanzu akasari man tsirrai ake sawa. Daga nan sai a tace da zafinsa ta cikin kyalle mai kauri don a cire wani farin yashi na ma'adinai da dahuwa ke fitarwa.

A teburin ɗanɗano ana jera kwalabe huɗu, daga mai ruwan zinariya zuwa mai duhu sosai. Baƙi da yawa kan ɗauka mai duhun ya fi sukari. Sukarinsu ɗaya ne. Na farkon kaka shi ne mai haske da sanyin ɗanɗano, na ƙarshen kaka ya fi duhu da ƙarfi. Da zarar toho ya fara buɗewa a rassa, ruwan sai ya ɗauki wani ɗaci-ɗaci, kakar ta ƙare ke nan.

Alewa a kan ƙanƙara

Inda layi ya fi tsawo shi ne wani dogon kwami na katako da aka cika da dusar ƙanƙara mai tsabta aka daddanna. An ƙara dafa maɗi har ya kai wajen digiri 113, sai wani ya zo da buta yana zuba shi layi-layi a kan dusar. Kowa a ba shi ɗan tsinken katako. Sai a ɗan jira, a dafa tsinken a bakin layin, a naɗe a hankali. Mai gaggawa zai ga abin ya zube masa, mai nawa kuma ya tarar ya yi tauri. Abin da ke fitowa alewa ce mai danƙo, waje da sanyi, ciki da ɗumi, tana manne wa haƙori da safar hannu da gashin yara. A Vermont sukan haɗa ta da kokwamba mai tsami, a gatsa wannan a gatsa wancan, don tsamin ya karya zaƙin a sami damar ƙarawa.

Abincin da ake ci a wurin bikin ya danganta da lardin. A Ontariyo fanke ne mai faɗi da tsiran-alade. A Kebek liyafa ce sosai a kan dogayen tebura, baƙo kusa da baƙo: miyar busasshen wake, wake da aka gasa a tanda, wainar ƙwai, naman alade, soyayyiyar fatar alade, sannan kayan zaƙi, kuma kusan komai ana kwarara masa maɗi. Abincin masu saran itace ne a daji cikin sanyi, shi ya sa nauyinsa. Musulmin da ya je sai ya yi tambaya, don har miyar da waken da alade ake dafa su. A watan Maris na 2007 an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun Kebek bayan wata bukkar sukari a Mont-Saint-Grégoire ta karɓi ayarin Musulmi, ta dafa musu abinci ba alade, ta kuma ba su wurin salla. Ƙurar ta lafa, kuma yau akwai bukkokin da ke tallar abincin halal ko na marasa cin nama. Mai gona ɗan kasuwa ne, kakarsa kuma gajera ce.

Wani lokacin bikin kan fi ƙarfin gona guda. Garin Elmira da ke Ontariyo, mai mutane dubu goma da 'yan kai, ya fara nasa a watan Afrilun 1965, watanni biyu bayan an ɗaga sabuwar tutar ƙasar mai ganyen mefil. A shekarar 2000 mutum 66,529 suka halarta a yini guda, abin da ya sa littafin Guinness ya rubuta shi a matsayin bikin maɗin mefil na yini ɗaya mafi girma a duniya. Ana rufe babban titin garin, 'yan sa-kai su yi ta juya fanke tun asuba, ana ɗibar mutane zuwa dazuzzukan da ke kewaye. Yankin na 'yan Mennonite ne, wata ɗariƙar Kirista da wasu mabiyanta har yanzu keken doki suke hawa, kuma su ne ke kawo kaso mai kyau na maɗin da ake sayarwa. Ribar bikin ƙungiyoyin taimakon jama'a na yankin ake raba wa.

Masu asalin sana'ar

A mafi yawan gonaki akwai wani lungu da aka rataya tukwanen ƙarfe uku a kan wutar itace, wani cikin tufafin da yana juyawa. Tarihin ya girmi tukwanen. Tun kafin Turawa su iso, mutanen asalin yankin, irin su Anishinaabe da Haudenosaunee da Abenaki, suna tsaga ɓawon mefil su tari ruwan a ƙoƙunan ɓawon bishiya. Wata hanyarsu ita ce a bar ruwan ya kwana a waje, da safe a ɗauke ƙanƙarar da ta daskare a sama a yar, abin da ya rage ya fi zaƙi. Anishinaabe suna da wata guda a lissafinsu da suke kira watan dafa sukari, lokacin da iyalai kan koma daji su yi sansani. Su har ƙarshe suke dafawa ya zama garin sukari, don shi ke ajiyuwa shekara guda. Turawan Faransa da na Ingila daga wurinsu suka koya, su kuma suka kawo tukunyar ƙarfe.

Akwai wani zaren tarihin da ya taɓo Afirka. A wajen 1790, sukarin raken da Amurkawa ke sha daga tsibiran Karebiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke noma shi cikin azaba. Wani likita a Philadelphia, Benjamin Rush, tare da 'yan ɗariƙar Quaker masu ƙyamar bauta, suka yi ta kira a koma ga sukarin mefil, wanda iyali ke iya yi da hannunsu. Ɗan siyasar Amurka Thomas Jefferson ya karɓi kiran har ya dasa mefil a gonarsa ta Monticello da ke jihar Virginia a 1791, shi da ke da bayi da yawa a wannan gonar. Bishiyoyin ba su yi albarka ba a ɗumin Virginia, yunƙurin ma bai girgiza kasuwar rake ba. Daga baya farin sukari ya yi araha ƙwarai, sai masu mefil suka bar yin gari suka koma sayar da maɗi.

Abin da ke bayan bokitai

Wanda ya bar hanyar baƙi ya ƙara kutsawa cikin dajin zai ga inda kuɗin yake. Babu bokiti. Siraran tiyo ne na roba, akasari shuɗɗa, an ja su daga bishiya zuwa bishiya, suna haɗuwa a manyan bututu da ke gangarawa zuwa tanki. Tun shekarun 1970 wannan tsari ya bazu. Inji na zuƙo ruwan, wani injin kuma na matse shi ta cikin matata mai tsananin ƙanƙantar ƙofa, ya cire kashi uku cikin huɗu na ruwan ko fiye tun kafin a kai shi wuta. Manyan gonaki suna da ramuka dubbai, wasu dubban ɗaruruwa, kuma babban aikin ma'aikata shi ne yawo cikin dusa suna neman inda kurege ya gatsa tiyo. Bokitan bakin hanya don baƙi aka bar su, babu kuma laifi a hakan: bokiti ne ke nuna wa yaro cewa daga bishiya abin ya fito.

Kafin a bar gona akan biya ta shago. A Kebek gwangwani mai cin mililita 540 aka fi sani. Abin lura shi ne yawancin kwalaben da ke manyan kantuna da sunan maɗin fanke ba su taɓa ganin bishiya ba: maɗin masara ne aka sa wa launi da ƙamshi, ƙamshin kuma sau da yawa daga hulba ake samo shi, domin ita da maɗin mefil suna da sinadarin ƙamshi iri ɗaya. Mutanen Kebek suna yi wa irin wannan ba'a da sunan maɗin falwaya, wai daga turken wayar lantarki aka tatso shi.

Abin da inji bai iya gyarawa ba shi ne yanayi. A Vermont al'adar da ita ce a fara huda wajen Talatar farko ta watan Maris, ranar taron gari. Yanzu manyan gonaki tun Janairu suke farawa, saboda yawan ramuka da kuma ɗumin da ke zuwa da wuri. A 2022 Kebek ta sami kimanin kilo miliyan 96 na maɗi. A 2023 abin ya faɗi zuwa wajen miliyan 56, da bishiyoyin nan dai da manoman nan. Sana'ar da amfaninta ke hawa da sauka haka tana buƙatar rumbu, kuma ƙungiyar manoman Kebek ta kafa nata tun shekarar 2000, dubban durom-durom a jere cikin manyan ɗakunan ajiya. A watan Yulin 2012 wani mai ƙidayar kaya ya taka durom a ɗaya daga cikin ɗakunan, a ƙauyen Saint-Louis-de-Blandford, sai ya ji ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, alhali ya kamata ya kai nauyin kusan kilo 300. Da aka bincika, wasu duroman babu komai, wasu kuma ruwa ne zalla. Yadda tan kusan 3,000 na maɗi, na dalar Kanada miliyan 18 da ɗoriya, ya sulale daga hannun masu shi, da dalilin da ya sa wasu manoma ke adawa da ƙungiyar da ta gina rumbun, shi ne zancen babi na gaba.